Soron da Ba Shi da Taga

Ni maɗinki ne, ɗan maɗinki. A Tambuwal na koyi riƙe allura, a can kuma na fara aiki gidan wani attajiri mai fataucin riguna, tun zamanin da ko labarin Nasara ba mu taɓa ji ba, ana kai gaisuwa Sakkwato bisa jakai da raƙuma. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsa na nan da ransu, kuma har yau ina samun goro a hannunsu. Maigida muke ce masa, shi ma bai taɓa nuna yana son wani suna da ya wuce wannan ba.

Muna da ɗan yawa, akwai masu haɗa ƙwaryar riga, akwai mu masu yi mata ado da zaren tsamiya. Wurin aikinmu rumfar zana ce a ƙofar gidansa, jikin wata ceɗiya. Iska ta shigo ta nan ta fita ta can, ba ta neman izinin kowa. In ido ya gaji, mutum ya ɗaga kai ya ga masu tafiya kasuwa, ya amsa gaisuwa, ya koma kan allurarsa. Ba mu san cikin wahala muke ba sai da Maigida ya je Sakkwato ya dawo ya gaya mana.

Wani babban mutum ne ya sauke shi a can, Maigida ya ga maɗinkan mutumin zaune cikin soro mai ɗaurin guga, rufin nan mai lanƙwasa kamar baka, an shafe shi sumul. Tun a hanyar dawowa ciwon soro ya kama shi. Ko ƙurar tafiya bai wanke ba ya tsaya bakin rumfarmu yana girgiza kai.

"Ku dubi kanku," ya ce. "Rigar da sarakuna ka sawa, ana ɗunkinta ƙarƙashin zana awa wurin saida gawayi! Kowa ya wuce shi leƙa, shi kwashe muna zane da ido. Wanga abin kunya ya ƙare."

Akwai fili mai tudu a bayan gida, busasshe ƙayau. Amma wa zai ga soro a bayan gida? Sai ya zaɓi bakin hanyar kasuwa, daidai inda wani tsohon kududdufi yake, wanda unguwa ta daɗe tana cikawa da shara da toka da kashin awaki. Aka ƙara ƙasa, aka daddaɓe, aka fara ɗora tubali. Da gini ya kai kafaɗa magini ya tambaye shi inda za a bar tagogi. Maigida ya ce taga ƙofar ɓarawo ce, ɓarawon kaya da ɓarawon zane, kuma ita ke sa maɗinki kallon 'yan mata masu zuwa rijiya ya bar aiki. Da ƙyar ya yarda aka bar wata 'yar kafa can sama kusa da azara, wadda ko kyanwa mai ciki ba za ta bi ba. Magini ya ce to. Gini aka kira shi ya yi, ba gardama ba.

Mu ma fa mun yi murna, kada a ɗora wa Maigida shi kaɗai. Ranar da muka shiga, har da sababbin huluna. Matata ta gaya wa duk matar da ta haɗu da ita a rijiya cewa mijinta yanzu cikin soro yake aiki, kuma na lura tun daga ranar miyar da take zuba mini ta ƙara kauri.

Aka raba wuraren zama bisa ga girma. Dattijonmu wani tsoho ne da ya yi wa mahaifin Maigida ɗinki tun yana saurayi, kowa Baba yake ce masa, har Maigidan kansa. Shi aka ba ƙurya, aka yi masa ɗan dakali, kusa da adudan nan, manyan kwanduna masu murfi, da ake ajiye zare da tufafi masu daraja. Sababbin hannu aka bar su bakin ƙofa inda rana da iska ke wahalar da mutum. Ni na faɗo tsakiya. Girma ya kai Baba inda haske ba ya kaiwa, don haka aka ba shi fitilar man kaɗe, yana kunna ta da tsakar rana, hayaƙinta na tashi ya nemi hanyar fita ya rasa, ya dawo ya zauna tare da mu.

Da rani abin bai yi muni ba. Soron da sanyi, baƙi na zuwa su tsaya waje su yaba, Maigida na shafa gemu. Sai damina ta kankama, kududdufin ya tuna shi kududdufi ne.

Danshi ya fara tasowa daga ƙasa. Bango ya yi duhu daidai idon sawu, ya hau gwiwa, ya kai ƙugu. In ka jingina, bayanka ya tashi da laima kamar wanda ya yi gudu. Sai wani farin gashi ya fito a jikin bangon, laushi kamar auduga, ya juye kore, daga baya ya zama baƙi, ɗigo-ɗigo har ya haɗe. Funfuna ke nan, wadda da muka sani a kan tsohon tuwo, ga ta yanzu ta sami gida mai ɗaurin guga. Ka ɗaga tabarma, tana ƙarƙashi. Ka ɗaga buzu, tana ƙarƙashi. Na taɓa mance takalmana na fata a ciki ranar Alhamis, na dawo ranar Asabar na tarar sun fi ni gemu.

Warin kuwa, ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba. Ka ɗauki ƙwaryar da aka jiƙa dawa aka mance da ita, ka kifa ta a fuskarka, ka zauna haka daga hantsi zuwa la'asar kana zare allura. To kusan haka.

Atishawa ce ta fara zuwa. Da mun shiga da safe sai ta kama daga bakin ƙofa ta bi layi har ƙurya, kamar ana miƙa gaisuwa. Sai majina, sai ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, sai wani nauyin kai da ke sa ramin allura ya zama biyu. Daga ƙarshe tari ya zo ya tare. Ranar Juma'a da ba ma aiki, yakan ɗan sassauta, mu ce Allah ya kawo sauƙi, mu koma Asabar mu ɗauko shi inda muka ajiye. Na Baba ya fi na kowa. Ƙirjinsa ya soma wata 'yar ƙara kamar sarewar makiyayi daga nesa.

Akwai wanda aka ɗora a kanmu, ɗan ƙanwar Maigida, Wakili muke kiransa. Bai taɓa riƙe allura ba sai in zai cire ƙaya, amma ya san komai game da ɗinki. Shi a waje yake shimfiɗa agaleminsa na fatar rago, gefen ƙofa, don ya fi jin daɗin sa ido daga nan. Da tari ya yi yawa, ya damu ƙwarai, ya leƙo da kai ya kafa doka.

"Duk mai tari shi juya wajen bango. Kar wanda yat tofa wa rigar mutane yawu."

Haka muka koma yi. Tari ya taso, ka ajiye riga, ka juya ka manna hanci ga funfuna, ka yi tarinka, ka ja numfashi mai tsawo daga jikinta, ka juyo. Riguna dai ba su kamu da komai daga gare mu ba, wannan shaida ce da zan bayar ko'ina.

Maigida yakan zo dubiya, amma iyakarsa bakin ƙofa. Yakan ɗora hannun riga bisa hanci, wai haka yake yi in yana tunani. A zuwan farko ya gano inda warin yake fitowa.

"Mutanen da ka cin albasa da daddawa su shigo su cika ɗaki da numfashi, sannan su ce gini na wari! Ginin da ko shekara bai yi ba?"

Aka hana cin albasa. Wari bai ji labarin dokar ba, ya ci gaba. Sai Wakili ya kawo shawara cewa aljanun kududdufi ne aka danne musu gida suke ramuwa. Aka kawo kasko da garwashi, aka zuba ƙaro da hano da wasu saiwoyi, aka saki asabari aka toshe ƙofa. Mu kuwa aka ce mu zauna ciki, don aiki ba ya jiran aljani. Aljanun, in da akwai su, sun fi mu hankali, sun fita. Mu muka shanye hayaƙin, muka fito da rarrafe muna hawaye. Wakili ya ce hawayen alama ce magani ya kama.

Da wannan ma bai yi ba, Maigida ya sa aka shafe bango da farar ƙasa. Ya yi kyau ƙwarai, har aka kira maƙwabta su gani. Kafin wata ya juya funfuna ta huda ta fito, kuma yanzu da yake bangon fari ne, ta fi fitowa sosai, har mutum na iya bin zanenta. Baba ya daɗe yana kallon wani wuri kusa da kansa, ya ce in da za a iya kwafe wannan a ƙirjin riga, da mun yi kasuwa.

Cikin wannan hali aka aike ni Kebbe. Wani mai dukiyar shanu a can ya sa an yi masa riga aska takwas, kuma ya ce maɗinki ya zo da ita da kansa ko wuya zai so gyara. Aka zaɓe ni don kawuna na can, ba sai an nemar mini masauki ba. Na bi wasu fatake, hanya duk laka, jakai na nutsewa muna ciro su, rafuka sun fara kawowa.

Da na isa gidan kawu, na durƙusa ina gaida matarsa, wadda nake kira Inna. Ba ta gama amsawa ba ta ja baya.

"Ɗana, cikin tsohon rumbu kaka kwana?"

"A'a Inna, soro gare mu yanzu. Mai ɗaurin guga."

"To tuɓe soron ka ba ni in shanya."

Ta kwashe tufafina duka ta baza bisa danga, ta ba ni wani tsohon zanen kawu na yafa. Ni da na zo da niyyar a ga ɗan birni. A lokacin ne na fara sanin cewa warin nan yana bin mu gida, hancinmu ne kawai ya gaji ya daina faɗa.

Washegari na kai riga. Mutumin yana zaune cikin jama'arsa, na kwance ƙunshi na baza ta, aikin Baba ne mafi yawa a jikinta, aikin da in ka gani sai ka yi shiru. Ya shafa, ya yaba, ya ɗaga zai sa, sai ya tsaya da ita daidai fuska. Ya sauke a hankali.

"Malam maɗinki, mai rigagga na fari, ya daɗe da rasuwa?"

"Sabuwa ta, ranka shi daɗe. Ba wanda yat taɓa sa ta."

"To madalla. Sabuwa da warin kushewa."

Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, don babu abin da ya rage mini. Ya ce a shanya ta a turara, in warin ya fita zai karɓa. Kafin warin ya fita, rafin da muka ƙetaro ya cika ya batse, ba mai wucewa. Na zauna Kebbe har wata ya mutu wani ya tsaya, ina ɗan yi wa mutane gyaran riguna a rumfar kawu.

Ban ma lura da ranar da tarin ya tafi ba. Wata safiya dai na bi kawu gona, muka hau wani tudu, na kai sama na tarar ban tsaya ko sau ɗaya na dafa gwiwa ba. Na ja numfashi ya tafi har ƙasan ciki bai gamu da kowa a hanya ba. Idona ya washe, ramin allura ya koma ɗaya. Na ce a raina, wannan albishir ne, in na kai shi gida an gama.

Na dawo Tambuwal na fara gaya wa Baba. Ya ƙara ramewa, wuyansa ya fito daga riga kamar na zakara. Ya ce in gaya wa Maigida da bakina. Na jira Maigida ya fito zaure da hantsi, Wakili na gefensa, na durƙusa.

"Ranka shi daɗe, tunda nib bar soro tari yab bar ni. Ko magani ban sha ba. Ina ga ɗakin nan shi ka sa muna ciwo."

Maigida ya dube ni da fara'a, har na fara jin daɗi. Ya juya wajen mutanen da ke zauren.

"Kun ji ko? Da bakinai ya faɗi. Yab bar aiki, tari yab bar shi. Ashe ba ciwo na ba, ƙiwuya ta."

Wakili ya fara dariya tun kafin a kai ƙarshen maganar. Aka ce in koma bakin aiki, tunda na huta na ƙoshi. Ban yi kwana nawa ba tarina ya dawo ya same ni, kamar kare da ya gane mai shi. Masu magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba su faɗi yadda za a yi ba in mai ɗakin ba ya shiga.

Baba da kansa ya tashi ya je, abin da bai taɓa yi ba duk tsawon zamansa a gidan. Na raka shi, don yana bukatar kafaɗar dafawa. Ya roƙi a mayar da mu waje ko zuwa kaka, in ƙasa ta bushe mu dawo. Maigida ya saurare shi da ladabi, ya kira shi Baba sau da yawa, ya ce ai shi uba ne, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa.

"Amma Baba, mi mutane za su ce? Su ce na gina soro na kasa zama da shi? Ka yi haƙuri, damana ta kusa wucewa. Zan aiko maka da zuma."

Ya aiko da zumar, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mai kyau ce.

Abin da ya kawo sauyi ba mu ba ne. Akwai wani adudu kusa da dakalin Baba da aka ajiye alharini a ciki, jan zaren nan mai sheƙi da fataken Kano ke kawowa, wanda aka ce daga bayan hamada yake fitowa. Maigida yana ji da shi fiye da wasu 'ya'yansa. Wata rana ya yi baƙo, ya so ya nuna masa, ya aiko Wakili ya ɗauko. Wakili ya toshe hanci ya shigo, ya ɗaga murfi, ya yi wata ƙara. Alharinin ya yi furfura. Ya ɗaga curi guda, ya rabe a hannunsa.

A ranar Maigida ya shiga soronsa karo na farko tun da aka gina shi. Da gudu ya shigo, ya mance da hannun riga, ya mance da tunani, ya zube gaban adudu yana salati. Ya bubbuɗe sauran adudan, farin ƙyallen sawaye ya yi ɗigon baƙi, saƙi ya yi toka-toka. Tari ya sarƙe shi, ya yi mai isarsa, bai juya wajen bango ba, Wakili kuma bai tuna masa doka ba. Da ya sami numfashi ya juyo kanmu, ido jawur.

"Wa yab bar alharini cikin wanga danshi? Ku ba ku da hanci?"

 Daga ƙurya Baba ya amsa a hankali.

"Muna da shi da, ranka shi daɗe."

Nan take aka ba da umarni a kwashe kaya duka a kai turakar Maigida, wadda ke kan tudu, mai tagogi gabas da yamma. Ɓarayi, ga alama, ba sa bin irin waɗannan tagogin. Mu muka yi dakon, muka shanya, muka kakkaɓe, muka jera. Aka ce daga yau duk ranar da rana ta fito a fitar da tufafi su sha iska, don danshi yana kashe tufa. Da muka gama, Maigida ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya kiyaye gaba, mu koma ciki mu ci gaba da aiki.

Baba ne ya samo mana dabara. Bayan kwana biyu ya kira Wakili, ya nuna masa rigar da ke kan cinyarsa, ya ce shi ba don kansa yake magana ba, amma wannan ma tufa ce, yini take cikin danshi, yana tsoron kada ta bi sawun alharini. Wakili ya zare ido ya ruga. Kafin azahar doka ta fito, duk rigar da ake kan ɗinkinta a fitar da ita waje in babu hadari. Da yake riga ba ta ɗinka kanta, aka yarda mu bi ta. Muka jera gindin ceɗiya, kowa da rigarsa bisa cinya. Wani mai wucewa ya tambayi Baba ko an kore mu daga soro ne.

"A'a," in ji Baba. "Riguna anka fiddo su sha iska. Mu rakiya munka yo."

Sai dai lokacin malka ne, ruwa yakan wuni yana zuba, ranakun hadari sun fi na rana yawa, kuma duk ranar hadari ciki muke komawa. Baba ya kai inda ba ya iya gama zare allura sai ya huta. Wata safiya bai zo ba. Ɗiyarsa da ke aure a Sanyinna ta aiko aka ɗauke shi bisa jaki.

Na je duba shi da kaka, ana yankan gero. Na same shi zaune an tokare masa baya da buhu, don in ya kwanta numfashi ƙin zuwa yake. Ya tambaye ni wa aka ba dakalinsa. Na ce ba kowa, kowa na cewa bai kai wannan girman ba tukuna. Ya yi dariya har ta zame masa tari, ɗiyar ta leƙo ta harare ni. Da zan tafi ya ba ni allurarsa ta aikin tsamiya, ya ce hannunsa ya gama da ita. Bai ga wata damina ba.

Ajali ne, ban musa ba. Amma ajali ma yakan sami mai share masa hanya.

Maigida ya yi abin da ya kamata. Ya aiko da likkafani daga cikin kayansa, kuma ya zo gaisuwa da kansa. Da muka warware farin, sai ga ɗigon baƙin nan a jikinsa, cikin sawayen da suka ƙi sayuwa ne. Muka wanke da ruwan toka cikin hanzari, ya dushe amma bai fita ba, ni na haɗa shi da allurar da Baba ya ba ni, na yi ƙoƙarin juya ɗigon ya koma ciki. A wurin zaman makoki Maigida ya yi ta yabonsa har ya share hawaye, ya gaya wa jama'a cewa Baba dama tun yana saurayi ƙirjinsa ba ƙwari. Lokacin da Baba yake saurayi, Maigida ana goya shi.

Da bazara ta zagayo, Maigida ya sayi doki wurin wasu Azbinawa, fari mai dogon wuya, irin wanda in ya wuce mata kan bar daka su leƙo. Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ta kwashe rufin bargar da aka ɗaure shi. Ina za a sa doki? Ba a sa irin wannan doki ko'ina sai ɗakin da ya fi kowane daraja. Aka ce mu tattara allurai mu matsa cikin zaure na ɗan lokaci, aka ja doki aka shigar soro, aka zuba masa harawa.

Ba a daɗe ba doki ya fara hura hanci, majina na zuba. Ya ƙi dawa. Sai ya yi tari. Ni ban taɓa jin tarin doki ba sai ranar, kuma na rantse muryar ba baƙuwa ba ce, irin tamu ce. Ba wanda ya tambaya ko albasa ya ci. Ba wanda ya ce ƙiwuya ce, ko da yake tun da aka saye shi bai yi aikin komai ba. Ba a kawo kasko ba. Maigida ya shiga, ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya shaƙa, ya dubi bango, ya dubi 'yar kafar nan ta sama, ya aika a kira magini yanzu-yanzu.

"Wane jahili yag gina ɗaki babu taga? Dabba za ta zauna nan ta yi numfashi da mi?"

Magini ya durƙusa, ya dubi ƙasa.

"Kuskurena na, ranka shi daɗe."

"To gyara shi."

Ban taɓa ganin aiki ya yi sauri haka a gidan ba. Aka fasa bango ta kowace fuska, taga manya har mutum na iya zura kafaɗa. Aka kankare funfuna har aka kai ga tubali. Aka haƙe daɓen aka kwashe baƙar ƙasar nan mai wari, aka zuba tsakuwa da yashi aka ɗaga shi. Aka hura wuta ciki har bango ya bushe, aka yi lambatu kewaye don ruwa ya wuce. Duk lokacin doki na ɗaure a inuwa, an lulluɓa masa bargo, Maigida na zuwa safe da yamma yana tambayar yadda ya kwana. Ya warke sarai. Aka gina masa sabuwar barga a filin nan mai tudu na bayan gida, ya tare.

Mu aka ce mu koma soro. Muka shiga muka tarar da haske har ƙurya, iska na ratsawa tana kaɗa zare. Akwai zarnin fitsarin doki da ya ɗauki lokaci kafin ya fita, amma wanda ya sha abin da muka sha, zarni turare ne. Wakili ya ce ya kamata mu je mu yi wa Maigida godiya bisa wannan gyara da ya yi dominmu. Muka je muka durƙusa muka yi. Ya ce ba komai, haƙƙinmu ne a kansa. Da na fito na zaga baya na kai wa dokin ɗan dunƙulen kanwa, na tsaya har ya lashe.

Daga baya duk baƙon da ya zo, Maigida kan zaga da shi ya nuna masa tagogin, ya yi masa nasiha cewa ɗakin aiki in babu iska kabari ne, shi ya daɗe yana faɗa wa mutane ba sa ji.

Na ƙara wasu shekaru a gidan. Da kawu ya tsufa ya rasa mai taya shi, na kwashe iyalina muka koma Kebbe, nan nake har yau. Ƙirjina bai koma yadda yake ba. Da rani lafiya lau, amma da iska ta fara ɗaukar laima, tun sama na fari fat babu alamar gajimare, sai ya soma 'yar ƙararsa ta sarewa, irin ta Baba. Mutanen unguwa sun gane haka. In bazara ta yi nisa, maƙwabcina kan zo ya tsuguna kusa da ni, ya gaishe ni, ya kasa kunne.

"Malam, yaya? In fidda iri?"

In ja numfashi, mu saurara tare.

"Dakata tukuna," in ce masa. "Bai fara busa ba."